Yaren Kirtani na Ti Zulmira

A Fontelas, wani garin masunta a bakin teku, sai mace ta haura arba'in ake liƙa wa sunanta Ti. Zulmira kuwa tana da talatin da biyu aka fara ce mata Ti Zulmira, shekarar da teku ta kife kwale-kwalen mijinta Amandio a bakin mashiga, da rana tsaka, mata na tsaye kan rairayi suna kallo suna kururuwa. Ita ba ta yi kururuwar ba. Ta jira kwana huɗu har ruwa ya maido mata gawarsa, ta wanke shi da hannunta, ta yafa baƙin mayafi, ran Litinin ta koma bakin aikinta. Ba su haihu ba. Masu neman aure biyu sun zo daga baya, ta sallame su da magana ɗaya: ta riga ta wanke wa namiji wando shekara goma sha biyu, ya ishe ta.

Sana'arta gyaran taru. Tun da sanyin safiya za ta zauna kan rairayi, ta miƙe ƙafa, ta maƙale tarun a babban yatsanta, allurar katako na shiga na fita, bakinta kuma ba ya hutawa. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma masu jiragen garin sun san inda Zulmira ta ɗinke ba ya sake yagewa, shi ya sa suke haƙuri da harshenta.

Ƙanenta Firmino na cikin masu tafiya kamun kifin bakalau can tekun ƙanƙara. Su tashi a Afrilu, sai Oktoba a gan su, in an gan su. Matarsa Gracinda tana yanke kawunan sadin a kamfanin kifin gwangwani, ga 'ya'ya biyar, autarsu Idalina. Yarinyar na da shekara biyu da rabi, ta fara haɗa 'yan kalmomi, sanƙarau ya shigo unguwar masunta a hunturun 1951. Yara uku ya ɗauka a layinsu. Idalina ta rayu, amma da zazzaɓin ya sauka sai aka ga ana kiranta ba ta waiwayowa, a wuce da fitila gaban idonta ba ta ƙiftawa. 'Yan kalmomin ma suka zube ɗaya bayan ɗaya, ya rage sai gurnani da ihu.

Gracinda ba muguwar uwa ba ce, mace ce mai sanyin hali da aiki ya yi wa yawa. Yarinyar ta taɓa faɗawa murhu ta ƙone hannu, ta taɓa fita titi keken shanu ya kusa take ta. Saboda haka da usur ɗin kamfani ya busa, sai Gracinda ta ɗaura mata igiya a ƙugu da irin ƙullin jirgin da mijinta ya koya mata, ta haɗa da ƙafar gado, ta aje burodi da ruwa a ƙasa, ta ja ƙofa. Haka aka yi sama da shekara biyu. Kowa a layin ya sani, kowa ya yi shiru. Zulmira ma ta sani ta yi shiru, kuma har ta mutu tana cewa wannan shirun ne babban zunubinta.

Wata safiya ta je gidan Gracinda maida tukunyar da ta ara, ta tarar ba kowa sai yarinyar. Ta tsaya a bakin ƙofa. Idalina na zaune a ƙasa, gashi a cukurkuɗe, ba ta san da mutum ba, yatsunta na kan ƙullin. Ƙulli ne da babban mutum ma sai ya iya yake kwance shi. Zulmira na kallo yarinyar ta lallaɓa, ta tura, ta ja, ta kwance shi tas. Ta miƙe ta shafa bango, ta shafa tebur, ta zaga ɗakin sau biyu. Sannan ta dawo ta zauna, ta maida igiyar ƙugunta, ta ɗaure ta daidai yadda uwar ta bar ta.

Zulmira ta dire tukunyar, ta nufi kamfanin kai tsaye, ta ratsa layin mata har ta iso kan Gracinda.

"Taso, magana zan yi da ke."

"Yaya, lafiya? Shugabar aiki na kallonmu fa."

"Ta kalla mana, ai don haka aka ba ta ido. 'Yarki zan ɗauka. Daga yau a wurina take."

Gracinda ta goge hannu a gaban riga. "Wahala za ki ɗaukar wa kanki, Yaya. Likita ya ce babu kowa a cikin jikin nan, zazzaɓin ya cinye ƙwaƙwalwar."

"Likitan ya taɓa ɗaure ƙullin jirgi? Wadda ba kowa a cikinta ce take kwance igiyarki ta sha iska, ta dawo ta ɗaure don kada ki gane? Ku ne dai ba kowa a cikinku, daga ke har shi."

A ranar ta ɗauke ta, kuma a ranar Idalina ta cije ta a wuyan hannu, tabon da bai taɓa ɓacewa ba. Makonnin farko bala'i ne. Yarinyar ba ta taɓa taka rairayi ba, tana jin shi yana zamewa ƙarƙashin ƙafarta sai ta ƙame ta fasa ihu. Ta fasa kwanoni, ta yage mayafin Zulmira. Amma Zulmira ta rantse igiya ba za ta sake taɓa ƙugun nan ba. Ta zaunar da ita kusa da ita a wurin aiki, ta sa mata gefen taru a hannu, ta lura abu ɗaya ne ke sa ta natsuwa: a ba ta guntun kirtani.

Daga nan dabarar ta zo, ba daga littafi ba. Kafin ta ba ta burodin masara, sai ta sa mata kirtani mai ƙulli ɗaya a tafin hannu, ta dunƙule mata yatsu a kai, sannan burodi. Miyar kabeji, ƙulli biyu. Sadin, ƙullin taru. Barci, zarge. Ta rataye kirtanin a ɗamararta kamar ɗan koli da kayan talla, duk inda ta motsa suna reto. Wata ɗaya, wata uku, wata shida, babu labari. Idalina ta karɓa, ta kwance ƙullin, ta tauna kirtanin, ta yar.

Deolinda, wadda suka shekara ashirin suna gyaran taru kafaɗa da kafaɗa suna faɗa kullum, ta samu abin yi.

"Ke Zulmira, da kifi kika yi wa wannan wa'azin, da tuni ya nemi baftisma."

"Ke fa? Mijinki shekara nawa kina yi masa magana da baki, ga kunnuwa kamar faifai, me ya gane?"

Mata su kwashe da dariya, aiki ya ci gaba. Sau ɗaya dai Zulmira ta gaji, ta tsinke kirtanin duka ta watsa a murhu, ta zauna ta zuba wa bango ido. Da gari ya waye ta ɗaure sabbi.

A wata na takwas da fara wannan dabarar, ƙarshen Yuni, ana gasa sadin a bakin teku da tsakar rana, Zulmira da Deolinda suka kaure da gardama kan wadda ta ƙarar da gawayi. Zulmira na zuba magana, ba ta duba ba ta zaro kirtanin burodi ta sa wa yarinyar a hannu, ta bi shi da gasasshen sadin. Idalina ta shinshina kifin, ta shafa kirtanin, ta sake shinshina kifin. Sai ta yi jifa da kifin. Zulmira ta juyo za ta yi mata faɗa, yarinyar ta cafke wuyan hannunta, ta kwance ƙulli ɗayan nan, yatsunta suka yi ta kai da kawo, ta ɗaure ƙullin taru, ta dungura wa Zulmira shi a baki, ta ƙara mata da duka a ƙirji.

Deolinda ta yi alamar gicciye.

"Kun gani?" in ji Zulmira. "Gyara min ta yi. Ni, ni ta gyara wa! Cewa take ke jakar tsohuwa, ba haka ake kiran kifi ba!" Ta fashe da dariya har hawaye suka jiƙa mata wuyan riga, ta ɗauko wani sadin ɗin ta ba yarinyar, wannan karon ta cinye har kan.

Yinin nan Idalina ta yi ta jan ta, ta dafa abu ta miƙo hannu. Kwale-kwale, kwando, takalmin katako, gashin kanta, hancin Deolinda. Kirtani ya ƙare, Zulmira ta yanki gefen tarun wani mai jirgi, ta ce in ya isa ya zo ya tambaye ta. Kafin shekara ta zagayo suna da ƙulli wajen ɗari biyu, har da na zafi, da na jiya, da na a'a, wanda Idalina ta fi amfani da shi. Daga baya suka daina ɗaure kirtanin sosai, sai dai yatsun ɗaya su yi motsin ƙullin a tafin hannun ɗaya, da sauri kamar hira. Gracinda takan leƙo ran Lahadi ta koyi kaɗan, a kunyace.

Firmino ne bai taɓa leƙowa ba. Kunyar 'yar yake ji, in an ambace ta a mashaya sai ya tashi. A Afrilun 1956, kwana biyu kafin jirginsu ya tashi, likitan garin, Likita Seabra, ya kira shi ya karanta masa wata takarda, ya dangwala yatsa. Bai gaya wa kowa ba.

A watan Mayu baƙar mota ta tsaya a bakin hanyar rairayi. Likita ya fito, da wata mata mai hula da safar hannu, Dona Eugenia, shugabar ƙungiyar matan manya masu taimakon gajiyayyu, da ɗan sanda ɗaya a bayansu. Dona Eugenia ta yi bayani cikin taushin murya: an samar wa yarinyar gado a wani gida a birni inda ake ajiye masu taɓin ƙwaƙwalwa, akwai abinci sau uku, akwai tsafta, uban ya amince.

Zulmira ko allurarta ba ta aje ba. "Ranki ya daɗe, mahaukaci a gidanmu ɗaya ne, kuma yana tekun ƙanƙara. In ya dawo sai ku ɗauke shi."

"Ti Zulmira," in ji Likita, "na san kin yi ƙoƙari. Amma wannan wasan kirtanin, kare ma ana koya masa ya ɗauko sanda."

"To ranka ya daɗe, faɗi abin da kake so karen ya yi."

Likita ya dubi wurin, ya ce a gaya mata ta ɗauko ƙaramin kwandon da ke bayan kwale-kwale na biyu, ba babban ba, ta kai wa waccan matar, ya nuna Deolinda. Zulmira ta kama hannun yarinyar, yatsu suka yi motsi. Idalina ta miƙe, ta bi gefen taru da ƙafa, ta shafa kwale-kwale na farko ta wuce, ta lalubi kwanduna biyun, ta ɗauki ƙaramin, ta bi warin tabar da Deolinda ke shaƙa ta kifa mata shi a cinya. Da ta dawo sai ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta miƙa hannu ta kamo na Likita. Ta shafa tafin, ta shafa yatsun, ta juya ta yi wa Zulmira magana a hannu.

"Me ta ce?" in ji Dona Eugenia.

"Tambaya take, wai wannan ƙaton wane ne da hannun jariri."

Dariyar matan ta kai har bakin hanya. Ɗan sandan ma sai da ya juya baya. Fuskar Likita ta yi ja, ya ce takarda dai takarda ce, ya umarci ɗan sandan ya ɗauko yarinyar. Zulmira ta jawo Idalina ta zaunar tsakanin ƙafafunta, ta yafa tarun a kansu su biyu.

Ta dubi ɗan sandan. "Zo ka ɗauka, Horacio. Ni na yi maka wanka kana tsumma, na san girman abin da kake taƙama da shi. In za ka kai ta mota, da ni da tarun za ka haɗa."

Ba wadda ta ce wa matan komai, amma ɗaya bayan ɗaya suka taso suka zauna a kan gefen tarun, Deolinda a gaba, su wajen goma sha biyar. Ana cikin haka sai ga Gracinda a guje, labari ya iske ta a kamfani, ta baro layi ba izini, ɓawon kifi har gwiwar hannu, wuƙar aiki ma ta manta ba ta aje ba. Matar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba ta tsaya gaban Likita tana haki.

"Ni na haife ta. Shekara biyu na ɗaure ta kamar akuya saboda maganarka. Ba za a sake rufe ta ba ina raye."

Dona Eugenia ta dubi wuƙar, ta dubi matan, ta ce wataƙila ya fi kyau a jira uban ya dawo. Motar ta juya.

Da Firmino ya sauka a Oktoba, Zulmira ba ta bari ya huta ba. Washegari da hantsi ta riƙo hannun yarinyar har ɗakinsa.

"Yaya, na riga na sa hannu," ya ce, kansa a ƙasa.

"Yatsa ka dangwala, kuma ga shi nan a jikinka bai guntule ba. Zauna."

Idalina ta shafa gemunsa, ta shafa hannuwansa da igiyar ƙugiya ta tsattsage, ta juya ta tambayi gwaggonta.

"Cewa take wane ne wannan. Kowa a garin nan na ba shi suna a yarenta, har karen Deolinda. Kai kaɗai na bari, don ba ni zan yi maka wannan aikin ba. Ga kirtani, ɗaure sunanka."

Firmino ya karɓa, hannunsa ya yi abin da ya saba, ya ɗaure ƙullin jirgi ya sa mata a hannu. Yarinyar na taɓawa ta zabura, ta yi jifa da shi, ta ɓuya bayan Zulmira tana dafe ƙugu. Sai a lokacin ya tuna inda ta san ƙullin, da wanda ya koyar da shi. Ƙaton mutum, mai shekara ashirin a teku, ya rufe fuska ya yi ta kuka kamar yaro. Zulmira ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta miƙa masa wani kirtanin. Wannan karon ya ɗaure irin wanda ake haɗa bakin igiya biyu da shi. Idalina ta daɗe tana juya shi, ta kwance, ta sake ɗaurewa, sannan ta soke a aljihu. Ran Litinin Firmino ya je ya karɓo takardar, ya kunna taba da ita a ƙofar Likita.

Tana da shekara goma sha uku, Idalina ta riga ta fi yawancin matan rairayin iya ɗinkin taru, domin yatsunta na gano yagewar da ido bai gani ba. A shekarar ce wata matashiyar malama, Otilia, daga makarantar makafi ta birni, ta ji labarinta ta hawo motar haya ta zo. Zulmira na jin kalmar birni ta kore ta da allurar katako. Otilia ta dawo Lahadin gaba, da ta gaba, ta tuɓe takalmi ta zauna a rairayi ta koyi ƙulli. A zuwa na huɗu ta ce:

"Ti Zulmira, mutum nawa suka iya yaren nan?"

"Biyar, da ke shida."

"Duk kun girme ta. Ran da kuka tafi fa, da wa za ta yi magana? Akwai rubutun makafi, akwai yaren hannu da dubban mutane suka sani. Ba ƙwace ta na zo yi ba."

"Haka waɗancan ma suka ce."

Amma Otilia ta riga ta sa wa yarinyar wata takarda mai ƙuraje-ƙuraje a hannu, ta gaya mata waɗannan ɗige-ɗigen ma magana ce, ta mutanen da ba sa nan, har da waɗanda suka mutu. Idalina ta hana gwaggonta sakat da tambaya. A nan Zulmira ta yi abin da ba ta taɓa yi mata ba, ta yi mata ƙarya, ta ce malamar ta tafi ƙasar waje ba za ta dawo ba. Lahadi na zuwa Idalina ta jiyo ƙanshin sabulun Otilia daga bakin hanya. Ba ta yi ihu ba, ba ta fasa komai ba. Ta dunƙule hannuwanta biyu ta tura a hammata. Kwana uku Zulmira na neman tafin hannun nan, ba ta samu ba. Tsohuwar da ta kori likita da ɗan sanda ta rasa yadda za ta yi da yarinya ɗaya.

A rana ta huɗu ta durƙusa gabanta, ta ɗaure ƙullin laifi da ƙullin sunan kanta a kirtani ɗaya, ta aje mata a cinya. Ta ce wa Deolinda, "Taurin kan nan a gidanmu ta gaje shi, ba ni da bakin magana." Zulmira da kanta ta kai Idalina birni, ta zaga makarantar ɗaki ɗaki, ta ɗaga katifu, ta ɗanɗana miya, ta gaya wa shugaban makarantar cewa ran da ta ji an kulle wa yarinyar ƙofa, zai san matan Fontelas nawa mota ɗaya ke ɗauka. Shekara huɗu Idalina ta yi a can, tana zuwa hutu. A shekarun nan harshen Zulmira ya ƙara kaifi, har masu jirage suna aiko matansu maimakon su zo da kansu.

Idalina ta dawo gaba ɗaya a 1965, budurwa mai shekara goma sha bakwai, da akwatin littattafai masu nauyi da ra'ayi a kan komai. A kakar nan aka kawo wani fim na ƙasar waje gidan silima na garin, aka ce labarin wata malama ne da yarinya makauniya kurma, kuma wai ya faru da gaske. Duk wanda ya haɗu da Zulmira sai ya ce, "Ti Zulmira, an sa ki a bango!" Ran Lahadi da la'asar ta sa wankakken mayafinta, ta riƙo Idalina suka tafi.

Mai tsaron ƙofa ya dube su. "Ti Zulmira, ita wannan me za ta kalla?"

"Abin da kai ka shekara ashirin kana kallo ba ka ƙaru da komai ba. Matsa."

Da aka fara sai matsala ta taso. Mutanen fim ɗin da yarensu suke magana, fassarar kuma a rubuce take a ƙasa, Zulmira ba ta karatu. Tana ta tsaki, sai ta ji wani ya zauna a kujerar gefenta ya fara karanta mata rubutun a hankali. Likita Seabra ne, ya tsufa, da sanda. Ba ta kalle shi ba, ba ta kuma kore shi ba. Shi ya karanta mata a kunne, ita ta zuba wa Idalina a hannu, tana ƙarawa da nata sharhin, har aka gama.

A waje Likita ya cire hula. "Ti Zulmira, na yi kuskure a kan yarinyar nan."

"Sai da baƙi suka haska maka a bango ka yarda? Ni a rairayi na nuna maka, shekara tara ke nan, ka kira ta kare." Ta gyara mayafinta. "Amma ka iya karatu, ba laifi."

Idalina ta ja hannunta ta tambaya ko waccan yarinyar ta fim ta iya gyaran taru. Zulmira ta ce ba a nuna ba, da alama ba ta iya ba. Idalina ta girgiza kai, ta yi alamar Allah sarki.

Zulmira ta ci gaba da aiki har ta haura saba'in, lokacin da idonta ya dushe, ya zama Idalina ce ke duba ɗinkinta tana warware inda ta kuskure, suna faɗa a hannu har yatsu su gaji. Ta rasu a Janairun 1978, ciwon ƙirji na mako biyu, a ɗakinta. A al'adar Fontelas maza ne ke tafiya gefen akwatin gawa, mata su biyo baya. Da aka fito daga coci, Gracinda ta kama hannun 'yarta za ta ja ta cikin mata, Idalina ta fizge, ta lalubi akwatin ta dafa gefensa, ta tsaya tsakanin mazan. Sabon Fada, limamin cocin da bai daɗe da zuwa garin ba, ya matso kusa da Firmino ya raɗa masa cewa hakan bai dace ba.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe," in ji Firmino. "In za ka iya, gaya mata."

Haka ta bi akwatin har makabarta, tana gaban kowa. Gidan Zulmira ya zama nata, ta zauna a ciki ita kaɗai duk da roƙon 'yan uwanta, tana girkinta, tana aika wasiƙu ga ƙawayenta na makaranta. Ta yi gyaran taru wasu shekara ashirin da shida, har jiragen garin suka ragu zuwa uku, sannan ta aje allura.